Kohinur a Gindin Ginshiƙi

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ranar da na fara ganin Kohinur ba ta kwanta mini a rai ba. A rumfar koyon ɗinki ne da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Tongi, inda wata ƙungiya ta tara nakasassu tana koya mana keken masana'anta. Mu kashi biyu ne a wurin. Akwai irina, waɗanda muka tashi da abinmu tun yarinta. Ni shan inna ce ta shanye mini ƙafar hagu tun ban san sunana Majeda ba. Akwai kuma waɗanda muke ce wa 'yan gini, wato waɗanda aka tono daga ƙarƙashin wata masana'antar riguna da ta rufta da mutane a ciki. Su baƙi ke zuwa gani. Motoci su tsaya, a fito da kyamara, a dafa kafaɗarsu ana share hawaye. Ni kuwa da na girma ina jan ƙafa a taɓon garin nan, ko sannu ba wanda ya taɓa ce mini. Haushi nake ji, kuma ban ɓoye ba.

Abin da ya kai mu rumfar ba komai ba ne illa albashi. A masana'anta in kana da nakasa wurinka ɗaya ne: a miƙa maka ɗan almakashi ka yi ta tsinke zaren da ya rage a jikin riga, ana ce maka mataimaki har ka yi furfura. Na yi wannan aikin har na fara ganin zare a cikin shinkafata. Mai keke kuwa matsayinsa daban, abin da yake ɗauka ƙarshen wata ma daban. Sai dai keken nan don mai ƙafa biyu aka ƙera shi. Ƙafar dama ta taka feda, gwiwar dama ta tura wani ƙarfe da ke sakin yadi a juya shi. Wanda ba shi da su sai ya koma wa almakashinsa.

Malaminmu Ustad Mokbul ne, tsohon makanikin kekuna, bakinsa kullum ja saboda taunar ganyen pan da ake ci kamar goro, hannunsa na hagu kuma injin yanka ya tafi da yatsu biyu. Shi ke kwance keke ya sake ɗaure shi daidai jikin mai shi. Wannan ya mayar mata da feda hagu, waccan ya ɗaga mata kujera, kurma ya sa mata ƙaramar fitila da ke kamawa in zare ya tsinke. Bakinsa ba ya hutawa. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofa ya ƙirga mu, ya ce in aka harhaɗa mu duka har da shi za a samu mutum takwas da ɗan canji. Wasu baƙi sun taɓa jinsa suka ɓata rai. Mu kam dariya muke har da riƙe ciki.

Kohinur doguwa ce, baƙa, siririya, 'yar wani ƙauye wajen Gaibanda inda kogi ke cinye gonakin mutane duk damina. Kogin ne ya koro su birni ita da mijinta Ayinal mai tuƙa riksha, keken ɗaukar fasinja. Ta daɗe tana ɗinkin kwalar riga kafin gini ya rufta, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san ba a ba wa kowa kwala. Ƙafar damanta aka yanke daga saman gwiwa kafin a iya zaro ta. An sa mata ta roba. Ustad ya mayar mata da komai hagu, amma da zarar ta ɗora yadi sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙafar robar tana dukan siminti inda feda take a da. Ya ce ta bari za ta fasa masa ƙasa. Ta ce ita ta sani an yanke, ƙafar ce har yanzu ba wanda ya gaya mata.

A wajen cin abincin rana muka shirya, kuma da faɗa aka fara. Ta zo za ta zauna a bencinmu, na ce a matsa wa gimbiyar hoto, yau ba mai kyamara ta tuna da talakawa. Ba ta yi fushi ba. Ta buɗe kwanonta, shinkafa ce da dakakken dankali da ɗan busasshen kifi, ta ɗebi kifin ta zuba a nawa.

"Apa, in hoton kike so mu yi musaya," in ji ta, don Apa muke ce wa yaya mace. "Ki ba ni taki ƙafar. Ko shanyayya ce, in ta yi ƙaiƙayi akwai inda za ki sosa."

Kunya ta kama ni, na ci kifin don ban san me zan yi da bakina ba. Daga ranar ita ce ƙanwata. Kafin wata ya ƙare na sama mata shimfiɗa a ɗakin hayar da muke kwana mu mata shida, a jere kamar kifin gwangwani.

A nan na san zancen Tuni. 'Yarta ce, ita kaɗai gare ta. Kohinur tana kwance a asibiti Ayinal ya ce zai je Citagon neman aiki, kuma har yau yana can yana nema. Yayansa Sobahan ya ɗauki yarinyar ya kai ta ƙauye. Ba mugu ba ne, yara ne suka yi masa yawa, kogi kuma yana matsowa bayan gidansa. Ya gaya wa Kohinur a waya cewa zai riƙe Tuni zuwa Babbar Sallah. In ta samu wurin da za ta aje ta, ta aiko a kai mata. In ba ta samu ba, akwai wani gida a Daka da ke neman yarinyar wanke-wanke, sun ma yi magana. Mai gidan hayarmu ba ya karɓar yara, kuma albashin almakashi ba ya kama ɗakin mutum shi kaɗai. Na keke yana kamawa. Ke nan duk abin da Kohinur ke nema a duniya shi ne a rubuta ta mai keke kafin Sallah.

Wayyo, da kun ga hannunta a rumfar nan. Da ƙafar hagu ta saba da feda, sai ya zama ba ta da na biyu a cikinmu. Kwala takan fito daga hannunta tsaf, kunnuwa biyu daidai, ba tattara ba karkacewa. Ni ina can ina fama da layin gefen riga ina tsine wa allura, ita tana ɗinki tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Rumfar rufin kwano ce, in an yi ruwa ba ka jin maganar na kusa da kai, in an yi rana kuwa ka dahu. Mu muna ƙorafi, ita ko a jikinta. Na lura duk inda muka shiga, kanti ne ko asibiti, sai ta ɗaga kai ta dubi sama kafin ta sa ƙafa. Na ɗauka addu'a take yi.

Da aka gama horo, wata babbar masana'anta a Gazifur ta ɗebi goma daga cikinmu, da sharaɗin watan gwaji. Wadda ta fitar da aiki daidai da sauran masu keke a tabbatar da ita, wadda ta kasa ta koma almakashi. Madam Dilruba mai kula da ma'aikata ita ta tarbe mu, mace mai fara'a, kuma na yarda har zuciyarta take yi. Ta zaga da mu tana nuna mana abin da suka shirya. An fasa matattakalar ƙofa an yi gangara saboda masu keken guragu. An faɗaɗa banɗaki an sa ƙarfen dafawa. Layinmu kuma a hawan ƙasa yake, dab da ƙofar fita, don kada mu sha wahalar hawa, kuma in wani abu ya faru mu ne farkon fita. Ta nuna wa Kohinur kujerarta a gindin wani ƙaton ginshiƙi, ta ce ga ma inda za ta riƙa jingina sandarta. Wallahi ni har ƙwalla na yi, don tunda nake ba a taɓa gyara mini ko ƙofar kaji ba.

Kohinur ta ɗaga kai ta dubi rufin siminti. Ta tambayi hawa nawa ne a sama. Madam ta ce bakwai, tana alfahari. Kohinur ta ce to, ta jingina sandarta ta zauna.

Tun ranar farko na san akwai matsala. Ina gabanta da kujera biyu, kuma ina jin kekenta: ya ɗan ruga, ya tsaya, ya ɗan ruga, ya tsaya. In na waiga sai in ga idonta a sama. Bene bakwai na kekuna in suna aiki ginin yana da wani gurnani da ba ya yankewa, mu ba ma jinsa, ita kuwa shi kaɗai take ji. In aka ja kwalin kaya a hawan da ke kanmu sai kafaɗunta su haɗe. Kwalar da take fitarwa kunne ɗaya ya fi ɗaya. Matar da Ustad ke kiran baƙi su zo su ga aikinta, ita ce ake dawo wa da ɗauri guda a farke.

A sati na biyu wuta ta ɗauke da hantsi. Abin da muka saba ne, aka yi ɗan duhu, sai babban janareta ya tashi a bayan gini, ƙasa ta ɗauki rawa a tafin ƙafarmu. Da fitilu suka dawo babu Kohinur a kujera. Tana ƙarƙashin teburin keke, ta dunƙule, hannu biyu a ka, ƙafar robar ta fice ta yi gefe. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Na ja jiki na shiga wurinta, na ji haƙoranta suna haɗuwa. Ashe a wancan ginin ma haka aka fara: wuta ta ɗauke, janareta ya tashi.

Hafizul mai kula da layinmu ya tsaya a kanmu yana sosa ƙeya. Shi ma ba azzalumi ba ne, saurayi ne da ake zagi daga sama kullum har ya rame. Ya ce ta huta, ya sa aka kawo ruwa. Amma da yamma ya kira ni gefe ya ce abin da take fitarwa bai kai rabi ba, kuma shi ba zai iya sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Kohinur ce ta kawo shawarar da kanta. Ta ce a mayar da ita hawa na ƙarshe. Can ma akwai layin kwala, kuma babu komai a kai sai rufi da sararin Allah. Ta ce in lif ya lalace za ta hau da ƙafarta, ko da rarrafe ne, ba za ta makara ba. Muka tafi ofishin Madam Dilruba tare, don ita ba ta iya doguwar magana, ni kuwa Allah ya hore mini.

Madam ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ba zai yiwu ba. Doka ce, nakasasshe ba ya wuce hawan ƙasa, kuma masu sayen kaya suna turo masu dubawa ba sanarwa. Nan fa raina ya ɓaci. Na wanke ta tas. Na ce kun yi gangara kun yi banɗaki kun ɗauki hoto, ko sau ɗaya kun tambayi matar nan abin da ke damunta? Kun tono ta daga ƙarƙashin gini kun sake cusa ta ƙarƙashin wani, kuna jira ta gode. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba.

Ta bar ni na gama. Ta cire tabarau ta aje.

"Majeda, na taɓa aiki a inda gobara ta tashi," in ji ta. "A kan matattakala aka kwashe yawancinsu, kuma duk masu ƙafa biyu ne. In na sa ta a sama wuta ta kama, ke za ki sauko da ita?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ta faɗa. Na so a ce muguwa ce in samu wanda zan tsana, sai ga shi kowa a ɗakin yana son Kohinur ta rayu, kuma hakan bai amfana mata komai ba.

Ustad Mokbul ya ji labari ya hawo bas ya zo. Ya kawo auduga ta toshe kunne, ta ce ai da ƙafa take ji, har da wadda babu. Ya karɓo mata laya wurin limamin unguwarsu, ta ɗaura a dantse don kada ya ji kunya. Ya zauna ya dubi ginshiƙin nan ya daɗe, sannan ya ce shi keke ya iya gyarawa. Ranar ko wasa ɗaya bai yi ba, ya tofar da pan ɗinsa a kwata ya tafi.

Kwanaki suna ta ja. Sobahan ya sake bugo waya, ba don ya matsa ba, wai yana tuni ne kawai, mutanen Daka sun tambaya. An fara ganin shanun layya a bakin titi.

Wata rana a hutun abinci ni da Kohinur muka fita bakin katanga, gindin wata bishiyar mangwaro da ke kusa da kwata, don a nan kaɗai take iya haɗiye loma. Ta buɗe kwano ba ta ci ba. Sai ta fara ba ni labarin Jorna, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba.

Jorna ce ke zaune a bayanta a tsohuwar masana'anta. Ita ke haɗa gindin kwala ta miƙo wa Kohinur ta kafaɗar hagu, Kohinur ta karɓa ba tare da ta waiga ba. Shekaru suna haka. 'Yar Barisal ce, mai surutu, mai son ɗanyen mangwaro da gishiri, kullum cikin tsokanar masu gadi. Da gini ya sauko, ginshiƙi ya danne ƙafar Kohinur, Jorna kuma tana bayanta, hannunta a kan kafaɗarta ta hagu. Ba haske, ba a iya juyawa. Kohinur ta ce ta so ta saki jiki ta tafi, Jorna ta hana. Ta ce mata su yi aiki kawai, kamar kullum. Ta riƙa cewa ga wata nan, karɓi, ita kuma tana ɗinkawa a cikin kanta, kunne na dama, kunne na hagu, a yanke zare. In ta fara lumshewa sai Jorna ta ce ke malalaciya, ɗauri ya taru. Haka suka yi ta ɗinki a cikin duhu har aka ji ƙarar masu haƙa.

"Da suka ɓulo na ce su fara cire ta, ita ta fi ni galabaita," in ji Kohinur. "Sai mutumin ya haska bayana, ya ce 'yar'uwa, wannan ai tun ranar farko ta cika."

Na ce ƙishirwa ce da zafin ciwo, mutum yana jin abubuwa. Ta ce haka likitoci ma suka ce. Ta ce ba ta yi musu ba, amma ita ta san muryar da ta ji, kuma har aka fara yankan ƙafar muryar tana ce mata ta daure saura kaɗan a tashi. Tun da ta fito ba ta sake jinta ba, a asibiti ko a rumfa. Sai da ta zauna a gindin ginshiƙin nan. Yanzu tana jinta, ƙasa-ƙasa, a cikin gurnanin ginin. Kullum faɗan da take yi da muryar ke nan, ta ƙi saurara, don tana tsoron in ta amsa ta koma can. Shi ya sa ɗinkinta ke karkacewa.

Ta rufe kwanon. Ta ce, "Apa, Sallah ta matso. Ki ce wa mai kawo kaya ta daina aje mini kwando a dama. Ta sa shi a kan kujera a bayana, ta hagu, daidai kafaɗa."

Na gane abin da take nufi, kuma ban so ba. Na ce mata ta ji tsoron Allah, matattu a bar su su huta. Na ce a samo wata hanya, ni zan ƙara da nawa mu kama ɗaki tare. Ta ce ni ma a gwaji nake, kuma ina da tsohuwa a ƙauye da ke jira, kada in yi alkawarin da zan ji kunya. Ta ce a ƙarƙashin gini hanya ɗaya ta sani da ake aiki, kuma da ita ta fito da rai. Ta dube ni ido cikin ido, ba hawaye ba komai. Da aka kaɗa ƙararrawa ni na je na gaya wa mai kawo kayan. Ta ce wane irin iyayi ne wannan, na ce ta yi abin da aka sa ta ko in fasa mata baki.

Washegari kekenta bai tsaya ba. Tun safe yake gudu, sumul, irin gudun da na sani a rumfa har ma ya fi. Na waiga. Idonta ba ya sama, ba ya ma kan kowa. Hannun hagu ya tafi baya ta kan kafaɗa, ya dawo da kwala, allura ta bi, hannun ya sake tafiya. Leɓɓanta suna motsi. Wani lokaci ta ɗan yi murmushi kamar an ba ta dariya, wani lokaci ta girgiza kai. Zufa ta jiƙa mata riga har baya. Wuta ta ɗauke da azahar, janareta ya tashi, ƙasa ta yi rawarta, Kohinur ko gezau. Tana jiran fitila da kwala a hannu.

Hafizul ya yi murna ƙwarai. Ya ce ashe dama wurin kwando ne matsalar, har ya gaya wa Madam, ita kuma ta yaba, ta ce irin wannan ƙananan gyare-gyaren ake so. Ni na bar su a haka. Sauran 'yan layi suka fara ja baya da kujerar da kwandon ke kai. In mutum zai wuce sai ya zagaya, kamar yadda ake zagaya mai salla.

In aka tashi aiki takan ɗauki lokaci kafin ta dawo. Mu fito bakin titi, in yi ta yi mata magana, sai mun wuce masu sayar da shayi sannan ta ce na'am, kamar wadda aka tasa daga barci. Ta daina 'yar waƙarta. Sau biyu tana kirana Jorna, ban gyara mata ba, ita ma ba ta san ta yi ba. Na ji tsoro, kuma har yau ina ji.

Ƙarshen wata aka tabbatar da ita mai keke, mu bakwai muka tsallake. Ta kama ɗaki a bayan kasuwar kifi, rufin kwano, da famfo ɗaya na gida duka. Ta sayi tabarma biyu da tukunya da ɗan madubi. Ta bugi Sobahan ta gaya masa, ya ce alhamdulillahi, kuma na ji a muryarsa shi ma nauyi ya sauka. Ya ce akwai maƙwabciyarsu da za ta taho birni kafin Sallah, zai haɗo su.

Ranar da za su iso ana cikin rububin kayan Sallah, ba a ba sabon tabbatacce hutu. Ni na yi ƙaryar ciwon haƙori na karɓi rabin yini, na tafi tasha. Tuni ta sauko daga bas riƙe da leda ɗaya, siririya kamar uwarta, an shafe mata kai da man kwakwa an yi mata kitso biyu, sanye da rigar da ta yi mata kaɗan. Ba ta kai goma sha ɗaya ba. Na ce ni ce Khala Majeda, wato innarta, ƙawar mamanta. Ta dubi ƙafata, ta dubi sandata, ta tambaya ko ta Ma ma haka take. Na ce tata ta fi tawa kyau, ta kanti ce. Ba ta yi dariya ba. A cikin riksha ta ce rabonta da Ma tun kafin abin, kuma Baffa Sobahan ya ce kada ta yi kuka in ta gan ta.

Na yi niyyar kai ta ɗaki ta jira, ta ce ita wurin Ma za ta. Mai gadi ya tare mu a ƙofa, ya ce yaro ba ya shiga ko na manaja ne, in masu dubawa suka gani sai a ce ana sa yara aiki. Na zage shi kaɗan don kada ya saba, sannan na ja ta muka bi gefen katanga. Layinmu dab da ƙofa yake, kuma akwai taga mai ƙarafa da ke kallon hanya. Na nuna mata. Na ce ga ta can, ta kusa da ginshiƙi, mai koren mayafi.

Yarinyar ta aje ledarta a ƙasa, ta kama ƙarafan da hannu biyu, ta yi ɗage. Kohinur tana fuskantar tagar, tsakaninsu bai fi tsawon ɗaki ba. Kekenta yana gudu. Hannu ya tafi baya, ya dawo. Leɓɓa suna motsi. Tuni ta kira ta a hankali, "Ma." Ƙarar kekuna ta haɗiye. Ta sake kira da ɗan ƙarfi, har wata a layin ta ɗago ta dube mu. Kohinur ba ta ɗago ba. Ta karkata kai hagu, ta yi murmushin nan, ta ce wani abu.

"Khala, da wa take magana?"



"Da ke," na ce. "Kullum haka take yi, sunanki take kira."

Ta ci gaba da kallo. Hannun Kohinur ya sake tafiya ta kan kafaɗa.

"To me ya sa take juyawa baya? Ai ga ni nan ta gaba."

Na ce ta riƙe mini sandata in gyara mayafi. Ta riƙe da hannu ɗaya, ɗayan bai saki ƙarfen tagar ba, muka tsaya a rana muna jiran a kaɗa ƙararrawa.